Tsohon ginin Turawa da ke bakin layin dogo: me zai hana ya zama ɗakin karatu?

Malamin Zango:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta kwana uku tana ci mini rai, na ce bari in kawo ta gabanku, tunda shawara ɗaukar ɗaki ce.

Makon jiya na ɗauki shatar mota, na kwashi ɗalibaina goma sha huɗu daga Agege muka shiga cikin garin Legas ganin wuraren tarihi. Mun fara da Jaekel House da ke harabar jirgin ƙasa a Ebute Metta, wani gidan bene mai faffaɗar baranda da aka gina a 1898, wanda ƙungiyar Legacy 1995 ta gyara ya koma ƙaramin gidan tarihi. Daga nan muka haye gada zuwa Freedom Park a titin Broad Street. Ga wanda bai taɓa zuwa ba, wurin nan a da kurkukun Turawa ne. Da ƙasa da ciyawa aka fara yin sa, aka riƙa cinna masa wuta, sai a 1885 aka kawo tubali tun daga Ingila aka sake gina shi. Ɗan gwagwarmayar neman 'yanci Herbert Macaulay ya kwana a ciki, haka 'yan'uwansa a gwagwarmaya Michael Imoudu da Anthony Enahoro. A 1979 aka rushe shi, ya daɗe a yashe, sai a 2010, da Najeriya ta cika shekara 50, aka buɗe shi a matsayin wurin shaƙatawa bisa tsarin mai zanen gine-gine Theo Lawson. Yanzu bishiyoyi ne da kujeru da dandamalin wasa.

Amma ba tarihin ne ya hana ni barci ba. Wani yaro ne a cikinsu, ɗan ajin ƙarshe a sakandare. Sauran suna ta ɗaukar hoto, shi kuwa ya samu benci a inuwa, ya zaro littafinsa daga jaka ya duƙufa. Da lokacin tafiya ya yi sai da na kira shi sau uku. A mota ya ce mini, "Malam, nan ba wanda ya ce in matsa." Su tara ne a ɗaki ɗaya, na san gidan. Da ya buɗe littafi wani zai tsallake shi ya ɗauko bokiti, wani ya kunna rediyo, ƙarfe tara kuma a kashe fitila saboda masu sammakon kasuwa. Ga WAEC ta ƙarato.

To, ku da kuke wajenmu kun san tsohon ginin nan na jan tubali da ke bakin layin dogo, wanda dattawa ke cewa ma'ajiyar kaya ce tun zamanin Turawa. Tun ina yaro a garƙame yake. Rufin ya fara zubewa ta gefe ɗaya, awaki ne ke kwana a barandarsa. Idan har kurkuku zai koma wurin da yaro zai zauna ya yi karatu, me zai hana mu nemi a mayar da wannan ginin ɗakin karatu na unguwa? Wurin da ɗan acaɓa da 'yar sakandare da mai sayar da albasa za su shiga ba tare da an dube su sama da ƙasa ba.

Ɗan Gwagwarmaya:
Wa'alaikumus salam. Malam, ina ganin girmanka, amma a nan ba na tare da kai. Ginin da aka yi don a tara arzikinmu a loda a jirgi a kai bakin teku, shi za mu shafa wa fenti mu ce 'ya'yanmu su zauna a ciki? Layin dogon da ya haɗa Ikko da Kano a 1912 ba don ƙaunarmu aka shimfiɗa shi ba, don gyaɗa ne da auduga da fatu. Duk tubalin da ke jikin ginin nan a kan wani talaka aka ɗauko shi. A rushe shi, mu gina sabo da hannunmu, mu sa masa sunan namu.

Bakatsine:
Ƙanena, in haka ne sai ka fara da garinmu. Tsohuwar Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, gidan tarihi ce yau. Gidan Ɗan Hausa a Kano, na Hanns Vischer wanda ya fara makarantar boko a can a 1909, yana nan ana kai ɗalibai, kuma ba wanda ya shiga ya fito Bature. Shi kansa kurkukun da Malam ya ambata, da aka sauke tutar Ingila ba rufe shi aka yi ba. Awolowo bayan 'yancin kai aka tsare shi a wurin, ɗan ƙasa ne ya murza makullin.

Ɗan Gwagwarmaya:
Yaya, na ji. Amma gidan tarihi daban, ɗakin karatu daban. Gidan tarihi ka shiga ka ga abin da aka yi maka ka fita. Ɗakin karatu kullum kana ciki, har ka saba da shi, ka manta abin da aka gina shi dominsa.

Hajiya Mai Atamfa:
Ku yara kuna ta musu a kan a rushe ko kar a rushe, kamar ku za a tambaya. Ni shekarata ashirin da shida ina kasuwanci a kasuwar Balogun. Ilojo Bar da ke kusa da Tinubu Square, kullum ta gabansa nake wucewa. Ginin Aguda ne, waɗanda suka dawo daga Burazil, tun 1855 yake tsaye, tun 1956 gwamnati ta sa shi cikin kayan tarihin ƙasa. Ranar 11 ga Satumba 2016, jajiberin Babbar Sallah, mutane na ta hidimar raguna, aka kawo katafila aka baje shi. Da muka dawo kasuwa sai tarin ƙasa. Wannan fa mai takardar gwamnati ke nan, balle naku da awaki ke gadi.

Malam, ba sanyaya maka gwiwa nake yi ba. A Ikko fili zinare ne. Ranar da kuka fara zarya a kan ginin nan, ranar za ku tuna wa masu ido da shi cewa yana nan. Kafin ku buɗe baki, ku san wa ke da shi a takarda, ku san wa za ku gani, ku kuma san ina kuɗin yake. Ban ce kuɗin gyara ba, wannan mai sauƙi ne, in an yi shela a masallatai Juma'a biyu za a haɗa wani abu. Kuɗin wata-wata nake nufi. Wa zai biya mai gadi a wata na goma sha takwas, lokacin da ɗokin kowa ya huce?

Malamin Zango:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Wannan ita ce tambayar da nake tsoro, shi ya sa ban taɓo ta ba.

Injiniya:
Bari in sa baki a ɓangaren da na sani, don aikina ke nan. Na taɓa tsayawa na dubi ginin daga waje.

Abin da mutane ba su lura da shi ba, irin waɗannan gine-gine an yi su ne kafin zuwan na'urar sanyaya ɗaki. Shi ya sa za ka ga bango mai kauri, rufi can sama, tagogi suna kallon juna don iska ta ratsa, baranda ta kare bango daga rana da ruwa, daɓe kuma a ɗage daga ƙasa. Ga wurin da ba shi da tabbacin wuta, wannan ba ƙaramar riba ba ce. Sabon ginin bulo da kwano da ƙanenmu yake so a yi, da azahar ba mai iya zama a ciki in babu fanka.

Matsalar ita ce danshi. A Kano ko Katsina ka ajiye littafi shekara talatin, ƙura kawai za ka kaɗe. A nan damina ɗaya ta isa ta sa shafuka su manne, su yi fumfuna, ga gara tana jira. Don haka rufi ne farko, kafin fenti, kafin kujera, kafin komai. Idan rufin na asbestos ne, ba kowane kafinta za a ce ya hau ya farfasa ba, ƙurarsa tana lalata huhu. Sannan kuskuren da na fi gani: a samu tsohon bangon da aka ɗaure da farar ƙasa a lafta masa filastar siminti. Tsohon bango yana shan danshi yana fitarwa. Siminti ya toshe shi, ruwan ya rasa hanya, bayan 'yan shekaru tubalin ya fara rugurgujewa daga ciki. Da farar ƙasa aka gina, da ita ake gyarawa. Kantocin littattafai kuma na ƙarfe, a ɗage su daga ƙasa, a bar tazara tsakaninsu da bango.

Wuta ba ta da wuya yanzu. Sola da batir da za su riƙe ƙwayayen fitila da fanka huɗu da wurin cajin waya sun wadatar. Janareto kada ma a fara, ƙararsa kaɗai ta kori mai karatu.

Matashin Mile 12:
Ku yi haƙuri manya, amma wa zai yi karatun? Mu fa tun ƙarfe huɗu na asuba muna sauke kwandunan tumatir. In an tashi jiki ya mutu, abin da ya rage mutum ya latsa waya ya yi barci. Mutanenmu ba karatu suke yi ba, gaskiya ɗaya ce.

Maman Ummi:
Ɗana, ka ce maza ba sa karatu, kada ka ce mutanenmu. Ni a Idi-Araba nake, ina cikin zaurukan WhatsApp uku na mata da ba abin da ake yi sai karanta littattafan Hausa. Marubuciya ta saki shafi da daddare, kafin asuba mata sun karanta suna gardama a kan abin da ya kamata amaryar ta yi. Wasu har kuɗi suke turawa a sa su a zauren. Da muna 'yan mata a Kano haya muke karɓowa a shago, a karanta a kwana biyu a mayar, wata ta karɓa har bangon ya cire. Masu karatu suna nan, ba a taɓa yi musu wuri ba ne.

Kuma tunda na samu bakin magana, Malam, ga abin da nake so a sa tun a farko, ba sai an gama a ce an manta ba. Bayan gida na mata daban, mai ƙofa mai sakata da ruwa. Wurin salla. Lokacin da uwa za ta iya zuwa, wato bayan an kai yara makaranta zuwa azahar, da kusurwar da za a shimfiɗa tabarma yaro ya yi rarrafe. Mace ɗaya aƙalla cikin masu kula da wurin. Idan babu waɗannan, babu uban da zai bar 'yarsa ta je, ni ma ba zan bar Ummi ba. Sai ya koma majalisar samari, a kawo draf da ludo, shi ke nan.

Alaramma:
Bismillah. Ina bin maganar tun ɗazu. Abu biyu zan faɗa.

Na farko, kada wani ya ɗauka zama a yi karatu baƙon abu ne da za mu koya a ginin Bature. Kafin a aza tubalin farko na ginin nan, a zaurukan Kano da Katsina da Sakkwato ana zama bayan asuba da bayan la'asar, malami na jan baƙi yana fassarawa, ɗalibai na bi. Fataken goron da suka kafa Zango da littattafansu suka zo cikin gafaka, wasiƙunsu na ciniki da ajami suke rubutawa. A gidaje da yawa a nan akwai irin waɗannan takardu cikin akwati, masu su sun rasu, 'ya'yan ba sa iya karantawa, danshin da Injiniya ya faɗa yana cin su. Idan wurin nan zai zama inda za a tattara su a ɗauki hotonsu a adana, ni zan fara kawo na mahaifina.

Na biyu, amsar tambayar Hajiya tana cikin addininmu: waƙafi. Ba a tara kuɗi a cinye a gyara ba. Mai hali ya tsayar da shago ɗaya ko biyu, hayarsu ta riƙa biyan mai gadi da mai kula da littattafai har illa masha Allahu. Muna gina masallaci kusa da masallaci, wannan ma sadaka ce mai gudana.

Sai dai ina da sharaɗi. Littattafan soyayyar nan da 'yar'uwa ta ambata, ban ga wurinsu a ciki ba.

Maman Ummi:
Allah ya gafarta Malam, da girmamawa nake magana. Da waɗannan littattafan na iya karatun Hausa da kyau, ba a aji ba. Da su na kai ga karanta na tarihi da na addini. A ciki akwai na banza, ban musa ba, amma akwai masu maganar auren dole, da zaman kishi, da yarinyar da aka cire daga makaranta, abubuwan da muke gani da idonmu. A kafa masu tantancewa, a sa mata a ciki, a cire marasa kunya. Amma in aka ce duka a waje, an kori rabin masu zuwa tun ba a buɗe ƙofa ba.

Alaramma:
In za a tantance, kuma a ware kantar yara daban, ba ni da ja.

Hajiya Mai Atamfa:
Maganar waƙafi ta shige ni. Ba alkawari na yi ba tukuna, amma ta shige ni.

Ɗalibar Akoka:
Iyayena da yayyena, ku ba ni dama. Ni a Agege aka haife ni, a Jami'ar Legas nake karanta tarihi, kuma akwai abin da ba wanda ya faɗa a fili ko da yake yana ƙarƙashin duk maganar: tunanin cewa mu baƙi ne, ba mu da bakin neman irin wannan.

A 1861 Turawan Ingila suka karɓi Ikko daga hannun sarkinta, Oba Dosunmu. A 1863 wani hafsan Bature, John Glover, ya kafa rundunar da ake kira Hausawan Glover, wadda ita ce tushen sojan Najeriya. Obalende da kuke gani, zaman waɗannan sojoji ne ya raya ta. Wannan tarihi ba mai daɗi ba ne duka, Yaya Ɗan Gwagwarmaya, domin yana nufin a zamanin da kake magana ba ɗaukar tubali kawai kakanninmu suka yi ba, wasunsu su ne riƙe da bindigar. Amma yana nufin kuma mun fi shekara 160 cikin labarin garin nan. Ginin da ake magana namu ne gwargwadon yadda yake na kowa.

Sai dai kalmar "kowa" ɗin ce nake so mu riƙe. Kada a ce ɗakin karatun Hausawa. Duk wanda ya ga rikicin ƙabilancin da ya faru a Idi-Araba a 2002 ko Mile 12 a 2016 ya san yadda ƙaramin abu ke zama babba. Idan muka je mu kaɗai neman ginin gwamnati, gobe za a ce Hausawa sun ƙwace fili. A fara da Sarkin Hausawa, shi ya yi wa Baale, wato mai unguwar Yarbawa, magana, a tafi ƙaramar hukuma tare da maƙwabtanmu Yarbawa da Ibo. A kanta a ga Hausa da Yarbanci da Larabci da Turanci. Yaron da Malam ya ba da labarinsa, akwai irinsa a kowane gidan haya a layin nan, ba duka ne Hausawa ba.

Abu na ƙarshe, kuɗin shiga. Laburaren da aka buɗe a Ikko a 1932 da tallafin gidauniyar Carnegie ta Amurka na masu biyan kuɗin rajista ne, don haka Turawa da 'yan boko masu hali ne suka more shi. Laburaren Ƙasa sai a 1964 aka kafa shi. Yau akwai na Herbert Macaulay a Yaba, an gyara shi ya yi kyau, ina zuwa. Amma ɗan Agege sai ya yi lissafin kuɗin mota zuwa da dawowa da awannin da zai ɓata a cunkoso. Freedom Park ma ana biya a ƙofa. Namu in za a yi, kyauta, kuma a buɗe har bayan isha'i, don mai neman abinci da rana ba shi da lokacin ma'aikatan ofis.

Matashin Mile 12:
In har dare ne kuma akwai wurin caji, to wannan wata magana ce. Akwai yaranmu da yawa da suka bar makaranta a gida suka taho, suna so su zana jarrabawa daga waje, ba su da mai nuna musu.

Bakatsine:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ƙari a kan maganarki: duk Nuwamba ana bikin littattafai da fasaha na Legas a Freedom Park ɗin nan. Mu da muka fara jarida da harshenmu tun 1939, Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya kamata a ce muna kai teburinmu wurin. Ba wanda ya hana mu, mu ne ba mu da inda za mu taru mu shirya.

Baba Mai Goro:
Jikana ne yake rubuta mini, ni ina faɗa. Ya karanta mini maganganunku duka.

Ginin da kuke magana na san cikinsa. Ina yaro, kafin a ba da mulkin kai, mahaifina yana kai huhunan goro wurin kafin a loda su zuwa Arewa. Ni ke riƙe masa buta da buzu. A ciki akwai babban sikeli na ƙarfe, akwai tebur, akwai akawu da alƙalami a bayan kunne. Za a ɗora huhu, akawu ya duba ya rubuta, ya juyo da takardar ya nuna inda mahaifina zai dangwala yatsa. Mahaifina ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami har Sakkwato, amma a gaban teburin nan jahili ne. Wata rana ya ce nauyin da aka faɗa bai yi daidai ba. Akawun bai ɗago kai ba, ya tura masa takardar ya ce to karanta. Mutane suna tsaye. Mahaifina ya dubi takardar, ya dangwala, muka fito. Har muka isa gida bai ce uffan ba. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, kuma har ya rasu bai sake tayar da maganar ba.

Ɗana mai cewa a rushe, na fi ka jin haushin ginin nan. Shekara saba'in ina wucewa ta gabansa ina kawar da kai. Amma in aka rushe shi, abin da aka yi wa mahaifina ya tafi a banza, wani ya gina shaguna, ba mai tunawa. Ni abin da nake so kafin in mutu, in shiga ta ƙofar nan in ga jikokin masu dangwale zaune da littafi a inda teburin yake.

Roƙona biyu. In sikelin yana ciki, kada a sayar wa 'yan gwangwan, a bar shi a inda yake. Sannan a sa rana ɗaya a mako da wani zai riƙa karantawa da ƙarfi, saboda irinmu da ido ya tafi, da waɗanda ba su taɓa koya ba suna jin kunyar faɗa.

Ɗan Gwagwarmaya:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ya jiƙan mahaifinka. Ba ni da bakin ja da kai. Har yanzu zuciyata ba ta son ginin, ba zan ɓoye ba. Amma in za a yi, a rubuta a bakin ƙofa abin da aka gina shi dominsa da abin da aka yi wa mutane a ciki, da Hausa da Yarbanci da Turanci, har da ajami. Kada a yi masa kwalliya a ce "kayan tarihi" kawai. Labarin nan da Baba ya bayar a ɗauke shi da muryarsa.

Ɗalibar Akoka:
Ni zan zo in ɗauka, in Baba ya yarda. Da sauran dattawan da suka san wurin.

Baba Mai Goro:
Ki zo da hantsi, 'yata, lokacin na fi ƙarfi.

Malamin Zango:
Jama'a, na karanta saƙon Baba sau uku. Allah ya saka wa kowa.

Ga yadda na fahimta. Neman ginin zai ɗauki lokaci, wataƙila shekaru, kuma yaron nan jarrabawarsa ba za ta jira ba. Na yi magana da mai makarantarmu yanzu, ya yarda a buɗe aji ɗaya daga magariba zuwa ƙarfe goma, kwana biyar a mako, da safiyar Asabar ta mata. Za mu ajiye rajista, duk wanda ya zo ya rubuta sunansa da unguwarsa. Ranar da za mu je gaban hukuma ba da baki kawai za mu je ba, za mu ajiye musu littafin su ƙirga da kansu. Mai littafin da ya gama da shi ya kawo. Maman Ummi, Asabar ɗin tana hannunki in kin amince. Allah ya gafarta Malam, kai da Yaya Bakatsine ku za ku nema mana iso wurin Sarki.

Maman Ummi:
Na amince. Amma a gyara sakatar bayan gidan makarantar kafin Asabar, na san halin da take ciki.

Hajiya Mai Atamfa:
Fitilu masu caji guda shida daga wurina. A turo yaro shago gobe kafin azahar. Maganar takardun ginin kuma kada a yi ta a nan, akwai lauyan da nake hulɗa da shi, zan sa ya bincika a hankali.

Injiniya:
Ni zan zo Lahadi da safe in zagaya shi daga waje in auna, ba za mu taɓa kwaɗon ba sai an ba da izini. Ina so in leƙa rufin ta kan katangar maƙwabta, in sun yarda. Wa ke da dogon tsani a kusa?

Matashin Mile 12:
Akwai na wani mai walda a layinmu. Ƙarfe nawa?